Tsoho Mai Koren Gemu

Tun da autanmu ya buɗe shagon riguna a intanet, teburin cin abincina ya yi ritaya. Kwalaye a ƙarƙashi, injin buga hoto a sama, ni da mijina kuwa a tabarma. Shagon nan bai taɓa sayar da ko hankici ba, abokansa dai su danna alamar zuciya su yi gaba. Babanmu har ya yanke hukunci: wata ya ƙare ba ciniki, Auta ya koma shagon tayar kawunmu, inda ya taɓa zama har ƙashin wuyansa ya fito.

Ana nan sai wata mata ta turo saƙo. 'Ya'ya da jikoki za su taru wajen mahaifinsu, tana son kowa ya sa koriyar riga mai hoton tsohon a ƙirji. Dattijo ne mai farar hula da farin gemu, yana murmushi.

Auta ya zaunar da mu ya buɗe makaranta.

"Yaya, akwai fenti ta raga, amma kowace kala da ragarta, fuskar mutum sai ta fito kamar taswira. Akwai aikin zare, injinsa ba na talaka ba ne. Sai kuma takarda: ka buga hoto, ka kifa a riga, ka danne da dutsen guga."

"To ɗauki takardar mu samu mu ci abinci," na ce.

Ashe ita ma takardar iri biyu ce. Ta riguna masu kala kauri gare ta, tana manne wa ƙirji kamar leda. Ta fararen riguna kuwa laushi. Auta ya ce shi ba zai sa jikokin mutane gumi ba, ya sayo mai laushin. Ya gwada a farar singiletin mijina, hoto ya fito tas. Bawan Allahn nan ya wuni yana yawo a tsakar gida da baban mutane a tumbinsa.

Ranar da ya rage kwana ɗaya a yi taron, Auta ya goge rigunan duka, amma bai ɓare takardar ko ɗaya ba. Wai so yake ya ɓare su a jere gaban kyamara, ya ɗora a shafinsa. Ya miƙo mini waya, ya gyara wuyan riga, ya yi sallama ga masu kallo, ya ja takardar farko.

Gemu kore. Hula koriya. Haƙora kore shar, kamar tsohon ya tashi daga kiwo.

"Kashe, Yaya, kashe!"

Ban kashe ba, dariya ta hana ni gano madannin. Ashe injin ba shi da farin tawada, duk inda fari yake sai ya bar wa riga ta cike. Auta ya sulale ƙasa ya dafe kai. Da na ga idonsa ya kawo ruwa, sai dariyar ta ɗauke. Tausayinsa ya kama ni sosai.

Na aiki mijina ya sayo farin fentin yadi da ƙananan buroshi, muka zauna mu uku muna gyaran gemu. Nawa gemun tsaf, kamar daga wajen wanzami. Na Auta duk a karkace. Mijina kuwa da ya ji daɗin aikin sai ya sake hannu, gemunsa na sauka har cibiya. Kuma kore ba ya ɓuya da shafa ɗaya, sai da muka yi ta maimaitawa har fentin ya yi tudu. Muka shanya su gaban fanka, washegari mai babur ya kai.

Auta ya kife wayarsa ya ƙi taɓawa. Da la'asar ta yi ƙara, ya tura mini ita da ƙafa.

"Ke ce mai rigunan?" in ji matar.

"Yayarsa ce. Hajiya, ki yi haƙuri, gemun nan..."

"Gemun nan fa na kira a kai. Yara har da kuka, kowa mai dogon yake so. Baba ya daɗe ba ya gani, ban gaya muku ba. Mun ce masa hotonsa ne a rigunan, ya ce to, shi ina ruwansa. Sai ƙaramar jikarsa ta hau cinyarsa, hannunsa ya faɗa kan tudun nan. Ya bi shi da yatsa tun daga kunne har ƙasa, ya ce, 'Kai, wannan ai ni ne.' Sai da ya shafa ƙirjin kowa a gidan."

Auta yana raɓe a bakin ƙofa yana tambayata da ido.

"Ƙanwar mijina ma tana son na babansu," matar ta ci gaba. "Sai dai shi sanƙo gare shi, ba gemu. Za ku iya yi masa tudun?"