Shekara Bakwai Da Aka Yanke Wa Koci Lawal

Shekara goma sha takwas Lawal ya yi yana mataimakin koci a Taurarin Gwagwalada, ƙungiyar ƙwallon kwando da ya shiga tun gwiwarsa ba ta lalace ba. Shi ke hura ƙwallaye, shi ke ɗinke raga, shi ke zana dabarar wasa a allo, babban koci ya zo ya karanta wa 'yan wasa kamar daga kansa ta fito. Koci huɗu suka zo suka tafi a gabansa. Da na biyar ya ajiye aiki, sai aka kira Lawal ganawa kan kujerar babban koci a ofishin ƙungiyar da ke Wuse, saman wani shagon tayil.

Oga Godspower, mai ƙungiyar, yana ta danna waya. Sakatariya Hajiya Sa'adiya ce ke buɗe takardu ɗaya bayan ɗaya, har ta tsaya a kan wata.

"Malam Lawal, ka rubuta kai ne kyaftin da kuka ci kofin matasa a Kano, 1996."

"Ni ne, Hajiya. Ni na jefa ƙwallon ƙarshe."

"Fasfo ɗinka kuma ya ce 1987 aka haife ka. Kyaftin ɗan shekara tara ke nan?"

Godspower ya kwashe da dariya har wayar ta suɓuce masa. "Kai, Koci! Kana shan nono kana jefa kwando!"

Lawal bai yi dariya ba. A 1980 aka haife shi, kuma yana da sha shida cif ranar da ya ɗaga kofin nan. Sai da ya kai ashirin da uku wani dillalin 'yan wasa ya ce zai kai shi makaranta a Amurka, amma yara ake so. Aka tafi da shi kotu ya yi rantsuwa, aka yanke masa shekara bakwai, aka ce ya riƙa aske gemu sau biyu a rana. Amurka bai je ba. Shekarun kuwa ba su dawo ba, sun bi shi cikin fasfo, cikin katin ɗan ƙasa, har cikin takardar shaidar horarwa da ya sha wuya kafin ya samu.

"Abu ɗin ba wahala," in ji Godspower da Hausarsa ta barikin soja. "Masu ɗaukar nauyin mu sun ce koci kar ya wuce arba'in. A takarda kana talatin da tara, ka shiga. Goge wannan layi na kofi, shi ke nan. Wa ba shi da shekarun wasa a ƙasar nan?"

Hajiya Sa'adiya ta tura masa biro.

Lawal ya dubi takardar. Duk abin da ke cikinta a kan ƙarya yake zaune, in ban da layin nan guda. Kofin nan kaɗai ya samu da shekarunsa na gaskiya, layinsa kuma aka ce ya soke don sauran su tsaya. Ya tuna sau nawa ya kori iyayen da suka kawo masa ƙato mai gashin baki suna cewa sha huɗu yake. Da wane baki ya kore su? Ya kuma tuna shekara goma sha takwas na hura ƙwallo. In ya soke layin, wa ya cuta? Kofin ma ya yi tsatsa a ɗakin mahaifiyarsa.

"Oga, shekarata arba'in da shida."

"Ban ji ba."

"Ka ji."

"Na ce ban ji ba, Koci! Ina taimakonka kana ƙi. Hajiya, kin ji wani abu?"

Hajiya Sa'adiya ta ɗauke bironta a hankali. "Na ji, Oga. Tunda kuma na ji, ba zan tura fayil ɗin haka ba. Malam Lawal, ko mataimakin ma sai ka gyara takardunka kafin a sabunta maka rajista."

"Ka gani?" Godspower ya buga tebur. "Ka zo neman sama, ka zubar da ƙasa. Wane irin mutum ne kai?"

Lawal ma tambayar da yake yi wa kansa ke nan a cikin tasi, an matse shi tsakanin wata mai buhun barkono da ƙofar da ba ta rufuwa. Bai ji wani sanyi a zuciya ba, irin wanda ake cewa mai gaskiya na ji. Haushi kawai yake ji, na Godspower, na dillalin nan, na kansa da bai iya riƙe baki na minti biyu ba.

Da ya tambayi yadda ake gyara shekaru, aka ce da rantsuwa ake farawa. Ya isa bakin kotu, ya tarar da masu buga takardu a ƙarƙashin bishiya, kamar dai inda aka kai shi tun farko. Wata mata ta jawo masa benci, ta ɗora yatsu a kan na'ura ba tare da ta dube shi ba.

"Ta shekaru ce, oga? Nawa za a rage?"

"Ƙarawa za ki yi. Bakwai."

Sai a lokacin ta ɗago kai. "Ƙarawa? Baba, lafiya kuwa?"

"Rubuta kawai," in ji Lawal. "Ina da atisaye ƙarfe huɗu, in sun bar ni na shiga filin."