Kiredit ɗin Auta

Har gari ya waye ban rintsa ba. Abin da ya hana ni barci fayil ne guda da zai zo gaban kwamitin daidaita darussa na jami'armu, inda ni ne ƙarami, mai rubuta abin da aka yanke. Na Auta ne, ƙanwata. Uwarmu ɗaya, uba kowa da nasa, saboda haka sunayenmu ba su haɗu ba, kuma ba wanda ya san alaƙarmu a wurin aiki.

Auta ta gama aji biyu a wata jami'a, ta nemi dawowa tamu domin ta zauna kusa da Inna, wadda ciwon ƙafa ya kwantar. Aikin kwamiti shi ne ya auna karatunta na can da ma'auninmu. Mu muna ba da kiredit, wato makin da ake auna yawan karatu da shi, bisa dukan lokacin da darasi ya ci wa ɗalibi. Su kuwa lakca kaɗai suke ƙirgawa cikakkiya. Awa uku a ɗakin gwaje-gwaje awa ɗaya suke rubutawa. Na sani, domin can na yi digirin farko. In aka bi takardarsu yadda take, kiredit ɗin Auta bai kai ba, sai ta maimaita shekara.

Wurin karin kumallo Inna ta ƙura mini ido.

"Kai, wannan ido naka kamar garwashi?"

"Aiki ne, Inna."

"Aikin ƙanwarka dai. Ba kana ciki ba? Naka sai naka."

"Yaya," in ji Auta, "wallahi in aka mayar da ni aji biyu, sai na gaya wa budurwarka irin munsharin da kake yi."

Ta yi dariya.

Abin da ban gaya musu ba shi ne dokar kwamiti: wanda yake da dangantaka da mai fayil zai faɗa, ya fita, ba shi da ta cewa. In na fita, ban san wanda zai tuna da ɗakin gwaje-gwaje ba. In na ɓoye na yi magana, za ta wuce yau, amma ranar da asiri ya tonu za a soke hukuncin, ko da tana ajin ƙarshe.

Ɗakin taron ƙarami ne, fankarsa na kuka. Farfesa, shugabanmu, yana buɗe fayil ɗaya bayan ɗaya, Magatakardan jami'a na karanto kiredit. Sai ga na Auta. Na ajiye alƙalami.

"Wannan ai ba ta kai ba," in ji Magatakarda. "Rubuta aji biyu, mu wuce."

Farfesa ya dube ni ta saman tabarau. "Malam, alƙalaminka ya mutu ne?"

"Ranka ya daɗe, ƙanwata ce."

Farfesa ya gyara tabarau.

"Ƙanwar ciki ɗaya, ko irin ƙannen nan da samari ke tarawa?"

"Ciki ɗaya. Zan fita. Sai dai akwai abin da na sani game da yadda jami'ar take ƙirga..."

"A'a," Magatakarda ya katse ni. "Doka ta rufe maka baki tun da ka ce ƙanwa."

Farfesa ya jima yana juya takardar, yana duba bayanta, ya sake duba gabanta. Ban iya karanta fuskarsa ba.

"Can ka yi karatu?"

"Can ne, ranka ya daɗe."

"To. Ka ji abin da doka ta ce."

Kalmomin suna bakina, jimla ɗaya ce kawai, da na furta ta kafin kowa ya hana. Na haɗiye ta. Na tura wa Magatakarda alƙalami da takardar rubutu, na mayar da kujerata ƙarƙashin tebur, na fita, na ja ƙofar a hankali har ta rufe.