Sau Uku Ashemi Yana Mayar da Ni

Ban san fita daga gurup ɗin WhatsApp aiki ba ne sai da na gwada.

Gurup ɗin na 'yan ajinmu ne na sakandare, mu arba'in da ɗoriya, yanzu kowa ya tara 'ya'ya da tumbi. Ashemi ne admin. Tun muna makaranta shi ne monita, kuma har yau bai sauka ba. Da can hotunan suna da gaisuwar Juma'a kawai ake turowa, sai Babandi ya sayi sabuwar waya, ya gano ana iya tura murya. Tun da aka yi wata rigimar gona a ƙauyensu, kullum sai ya zage 'yan ƙabilar Tibi tas, babba da yaro. In an yi masa magana ya ce, "Dimokuraɗiyya ake yi, kowa da bakinsa."

Abin ya ci min rai, don ƙawata Doose, 'yar Tibi ce, tana cikin gurup ɗin. Benci ɗaya muka zauna da ita shekara shida, ita ce ta kwana da ni a asibiti a haihuwata ta fari. Amma ni ma shiru na yi, har na fara kauce wa layin shagonta a kasuwa saboda kunya.

Ranar Talata na danna fita. Kafin in sauke tukunya Ashemi ya mayar da ni, ya rubuta, "Barka da dawowa, Hajiya Ikilima. Hala yara ne suka taɓa wayar." Na sake fita. Ya sake mayar da ni, har da shawarar in sa wa wayar makulli. A na uku ya ɗora laifin a kan netwok ɗin unguwarmu, Bukan Sidi.

Shi a wajensa, ɗan mutunci ba ya tashi daga taro babu sallama. Duk wanda ya fita shiru, to kuskure ne, gyarawa ake yi.

Sai na kira shi.

"Monita, da hankalina da yatsana na fita."

"Haba Hajiya, ai ba ma barin namu ya fita. Kin san bakin Babandi, ki share kawai."

"To Doose fa? Ita ma ta share?"

"Ai ita ba ta ce komai ba. Tsaya in duba."

Na ji yana ta latse-latse, yana numfashi a kunnena. Can ya yi ƙasa da murya.

"Ikon Allah. Ta fita tun uku ga wata."

Sati biyu ke nan. Mu arba'in, babu wanda ya lura, har da ni da nake ta fita dominta. Kunya ta rufe ni, na zauna a bakin turmi.

"In mayar da ita?" in ji Ashemi.

"Kada ka soma. Sa takalminka, shagonta za mu je da ƙafa."