A Gonar Inabi

Ruwan teku ya taso ya rufe takalman Ɗantani, ya koma, ya sake tasowa, shi kuwa ko gezau. Margaret tana tsaye daga baya kan tsakuwa, rungume da rigar sanyinsa, tana kallon ƙeyar mutumin da ta aura tun suna Wusasa. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

"Baban Chloe, fito haka nan. Ruwan da sanyi."

Ya juyo yana murmushi. "Kogin nan ya cika bana."

"Ya cika," in ji ta. Ta kama hannunsa ta jawo shi.

Ciwon mantuwa ya shigo gidansu ne a hankali. Da fari makulli yake nema alhali yana hannunsa. Daga baya sai ga shi ya ɓata a kan titin da ya shafe shekaru yana tuƙa bas a Manchester. Margaret ta ajiye aikinta na nas ta zauna jinyarsa a gidansu da ke unguwar Ardwick, tana yi masa wanka, tana ɓoye ashana, har hawan jini ya kwantar da ita ita ma. Nan ne 'yarsu Chloe ta sa baki. Ta samo masa gurbi a wani gidan kula da tsofaffi a Birmingham, kusa da inda take zaune a unguwar Aston. Ranar Litinin za a kai shi.

Chloe ce kuma ta kawo shawarar wannan tafiya ta bakin teku kafin ranar ta zo. Ta tuna yadda babanta yake yi wa mamanta alkawarin cewa idan ya yi ritaya zai kai ta Sussex, can kudu, inda gonakin inabi suke gangarowa kusan bakin teku. Ritayar ta zo, alkawarin ya bi sauran abubuwan da suka zube daga kansa.

Yarinyar ta shirya komai kamar mai shirin biki. Da rana ta kai su wani ƙaramin gidan abinci mai kallon ruwa, aka kawo ƙaguwa da soyayyen kifi da dankali. Ɗantani ya ci da hannu, ya nemi yaji. Margaret ta ciro ƙullin yajinta daga jaka ta barbaɗa masa, suka yi dariya su uku, har ta fara jin kamar ba abin da ya same su. Bayan sun ci, Chloe ta hau kwale-kwale a kan wani kogi da ke lanƙwasa ƙarƙashin fararen duwatsu, tana ɗaga musu hannu. Babanta ya ɗaga mata shi ma, sannan ya tambayi Margaret a hankali ko 'yar wa ce. Ta ce tasu ce. Ya gyaɗa kai, ya ce lallai an yi mata tarbiyya.

Washegari suka je gonar. Layukan inabi sun miƙe har ƙasan tudu, teku na ƙyalli daga nesa. Chloe ta bi sauran baƙi cikin rumfar da ake ɗanɗana giya, Margaret kuwa ta bi mijinta, wanda tuni ya kutsa tsakanin itatuwan inabin yana shafa ganye. Rabon da ta ga yana tafiya da sauri haka har ta manta.

Ya tsinko ƙwaya ɗaya, ya goge ta a rigarsa, ya miƙo mata.

"Malama, ɗanɗana ki ji."

Ta ɗauka tsokana ce. Ta dubi idonsa tana jiran ya fashe da dariya. Ba ta ga komai ba sai ladabi, irin wanda ake yi wa baƙuwa. A duk tsawon ciwon nan ya manta suna, ya manta hanya, ya manta 'yarsa, amma ita matarsa bai taɓa manta ta ba.

Ta karɓa ta sa a baki. Tsami ya kama mata haƙora.

"Irin wannan ne a tsakar gidanmu," ya ce. "Babana ya yi masa rumfa. Idan ya nuna nakan sato in kai wa wata yarinya a bayan coci." Ya rage murya, ya waiga hagu da dama. "Margaret sunanta. Ɗiyar ungozoma."

"Allah sarki."

"Kin san ta?"

"Na san ta."

"Aurenta nake so in yi. Ban faɗa mata ba tukuna. Ita ta yi makaranta, ni kuwa yaron mota ne." Ya murza yatsunsa kamar saurayi. "Ke mace ce, kin fi ni sanin halin mata. Kina ganin za ta yarda?"

Margaret ta dafa turken da ke kusa da ita. Iska ta kaɗo daga teku, ta ja ɗankwalinta ta rufe rabin fuskarta.

"Za ta yarda."

"Kin tabbata?"

"Ko yau ka tambaye ta."

Fuskarsa ta washe. Ya juya ya ci gaba da tsinka yana cusawa a aljihu, har ruwan inabin ya jiƙa masa wando. Ba ta hana shi ba. Da Chloe ta fito tana tambayar, "Mummy, lafiya?" sai ta ce rana ce ta shige mata ido.

Ranar Litinin da hantsi suka isa gidan tsofaffin a Birmingham. Ɗakin da aka ba shi mai tsabta ne, taga tana kallon wani ɗan lambu. Margaret ta jera kayansa a durowa, ta nuna wa wata ma'aikaciyar gidan yadda yake son shayinsa, ta maimaita, ta sake maimaitawa. Da abin yi ya ƙare mata, ta ɗauki jakarta.

Ɗantani ya miƙe ya raka ta bakin ƙofa.

"Malama, na gode da ɗawainiya. Maigidanki zai zo ɗaukar ki?"

"A'a. Ya yi tafiya."

"Ayya. To ki yi sauri kafin ruwa ya sauko. Bai kamata a bar ki ke kaɗai a hanya ba."

Chloe ta roƙe ta ta kwana a Aston, ta ce a'a, akwai wanki a gida. A jirgin ƙasa na Manchester ta zauna a kujerar gefen hanya, ta bar ta jikin taga, don mijinta ba ya zama ko'ina sai nan. Jirgi ya tashi. Wata mata mai jan akwati ta tsaya a kanta, ta nuna kujerar, ta tambaya ko da mutum.

Margaret ta daɗe tana kallon kujerar. Sannan ta janye ƙafafunta, ta ba matar hanya.