Ranar Zuba Rufin Kaka Momin

Shamroz ɓarawo ne. Ba irin mai yankan aljihu a tashar mota ba, wanda aƙalla yunwa ce ta koro shi. Shi ƙarfen da ke riƙe rufi bisa kan mutane yake sata, kuma da cikinsa a ƙoshe. Ƙanin matar ɗan kwangila ne, shi ya sa aka ba shi kula da ginin gidan wani dattijo, Kaka Momin, a bayan garin Mardan, alhali bai taɓa ɗora bulo a kan bulo ba. Abu biyu ya iya a duniya: zama bisa gadon igiya yana daka wa mutane tsawa, da ɗage gefen rigarsa in lebura ya yi gardama, don a ga gindin ƙaramar bindigar da ya soke a ƙugu.

Da sassafen ranar zuba rufi, Ustad Zarwali, babban magini, ya hau tsani don ya yi dubawar ƙarshe. A ƙasa mutum arba'in na jira da shebur da kwanonin ɗaukar kankare. Injin kwaɓi ya fara tari yana fitar da baƙin hayaƙi. Can gindin bishiya an ɗora manyan tukwane biyu na shinkafa da nama, don ba a zuba rufi mai gida bai ciyar da ma'aikata ba.

Taku uku ya yi bisa saƙar rodi ya tsaya cak. Ƙafarsa ce ta fara faɗa masa kafin idonsa: saƙar na lotsawa. Ya durƙusa ya gwada da hannu. Jiya da la'asar, da injiniya ya zo ya duba ya sa hannu, taƙi ɗaya ne tsakanin rodi da rodi. Yau taƙi biyu. An bi an zare ɗaya, an bar ɗaya, tun daga wannan bango har wancan. Guntayen wayar ɗauri da aka yanke na zube bisa katako, bakinsu na ƙyalli.

Ya daɗe a durƙushe. Ɗakin da ke ƙarƙashin ƙafarsa shi ne wanda Kaka Momin ya ce jikokinsa za su riƙa kwana. Ɗan Kaka Momin na can Dubai yana tuƙin babbar mota, shekara goma sha ɗaya ke nan, don a yi wannan gida. In aka zuba kankare a kan wannan saƙa, babu mahaluƙin da zai sake ganin abin da ke ciki. Rufin zai yi shekara biyu, ko biyar. Wata rana ƙasa ta ɗan girgiza, kamar yadda takan yi, sai ya sauko.

Ya gyara falmaran ɗinsa ya sauka.

Wannan falmaran ta daɗe da zama abin tsokana. Ko ana zafin da ke narka kwalta ba ya cire ta. Leburori na cewa da ita aka haife shi. Abin da ba su sani ba, ƙarƙashinta, a hammatar hagu, akwai ƙaramar bindiga cikin kube na fata, naɗe da ƙyallen da ya sha mai saboda ƙura. Shekara goma sha tara yana ɗauke da ita, da takardarta ta hukuma, tun rigimar gona da ta ci ran wansa a ƙauyensu ta bar gaba tsakanin gidaje biyu. Ya koyi sunkuyo ba ta nuna ba, ya koyi hawa tsani ba ta buga katako ba. Alwala ma bayan bango yake zagayawa ya yi shi kaɗai. Duk Juma'a yakan warware ta ya goge. Ban da matarsa babu wanda ya taɓa ganin ta.

"Bakht Zada, kashe injin nan," in ji shi.

Mai injin, wani siririn mutum mai bakin barkwanci, ya kalle shi. "Ustad, da ƙyar na lallashe ta ta tashi. In na kashe ta yanzu, sai na kai kayan biko."

"Na ce ka kashe."

Injin ya yi shiru. Shirun ne ya taso Shamroz daga gadonsa, kofin shayi a hannu.

"Wane ɗan iska ne ya kashe mini inji?"

"Ni ne," in ji Zarwali. "Ina rodin rufi, Shamroz?"

"Yana sama mana. Ko idon ne ya fara tafiya, tsoho?"

"Rabi na sama. Ina rabin?"

Kaka Momin ya taso daga wajen tukwane yana dogara sanda, farin gemunsa na kaɗawa. "Lafiya, Ustad? Me ya faru da rufin?"

"Babu komai, Kaka," Shamroz ya riga shi. "Injiniya ya gani ya sa hannu. Wannan so yake ya ɓata mana rana. Ka koma wajen shinkafarka."

"Abin da injiniya ya gani jiya ba shi ne a sama yau ba," in ji Zarwali. Ya ɗaga murya don kowa ya ji. "An zare rabin ƙarfen. Ba zan zuba ba."

Mutum arba'in suka sa ido a ƙasa. Zarwali ya lura da guda uku a cikinsu da suka fi kowa sunkuyar da kai, ya gane waɗanda aka tilasta suka yi zarar. Bai ga laifinsu sosai ba. Mai 'ya'ya shida da aka nuna wa bindiga ba ya tambayar dalili.

Shamroz ya ajiye kofi. Ya matso har numfashinsa na taɓa fuskar Zarwali, sannan ya ɗage gefen riga kamar yadda ya saba.

"Ka ga wannan?"

"Na sha ganin cibiyarka. Ba ta da kyau."

Wani ya yi 'yar dariya a baya ya haɗiye ta. Fuskar Shamroz ta yi jajir. Bai taɓa wuce ɗage riga ba, don ba a taɓa sa shi ya wuce ba. Yau ga dattijo mai gida na kallo, ga leburori. Ya zaro bindigar ya saita ta a ƙirjin Zarwali.

"Ka hau ka zuba, ko kuwa in zuba ka cikin injin nan."

Mutane suka dare. Kaka Momin ya shiga salati.

Hannun Zarwali na dama ya tashi da kansa. Ya san tazarar da ke tsakanin yatsunsa da kuben nan kamar yadda ya san hanyar bakinsa. Tasa a shirye take, da mai, da harsashi. Kafin wannan sakarai ya ƙifta ido an gama. Zuciyarsa ta ce masa yi. Sai ya tuna gawar wansa bisa gadon igiya a tsakar gida, da shekara goma sha tara da ya yi ba ya zama da ƙofa a bayansa. In ya harbe ƙanin matar ɗan kwangila, ya saya wa 'ya'yansa wata gabar, kuma a kan ɓarawon rodi. Ya tsayar da hannun a maɓallin falmaran.

Nan ne ya dubi bindigar da ke gabansa, ba da idon mai tsoro ba, da idon magini.

Launinta ba baƙi ba ne. Toka-toka ne. A tsagin da samanta ke zamewa baya akwai wani abu da ya cike shi ya bushe, irin wanda yakan kankare daga cokalin gini duk yamma. Wata huɗu Shamroz na tsayawa kusa da inji yana lura da buhunan siminti, ƙura na tashi tana shiga rigarsa. Wata huɗu bindigar na manne da fatar cikinsa ba kube ba ƙyalle, tana shan gumi. Siminti da ruwa. Ko lebura ɗan kwana uku ya san abin da suke zama. Kuma wanda ke soke bindiga tsirara a ƙugu ba ya barin harsashi a baki, don tsoron cinyarsa. Dole sai ya ja samanta ya ɗana.

Zarwali bai tabbata ba. Zato ne mai ƙarfi, ba yaƙini ba, kuma ransa ne a kai. Ya sauke hannunsa.

"Ba ka ɗana ta ba," in ji shi. "Ɗana mu gani."

Shamroz ya kama saman bindigar ya ja. Ko motsi. Ya sake ja da ƙarfi, jijiyar wuyansa ta fito. Ya juya ta ya duba, ya buga ta a tafin hannu, ya matse ta tsakanin gwiwoyi ya ja da hannu biyu yana nishi. Wani ɗan ɓarɓashin siminti ya faɗo bisa takalminsa.

"Lala Shamroz," Bakht Zada ya kira shi da laƙabin babban wa daga bayan inji, murya cike da ladabi, "kwana nawa da zuba ta? In ta kai ashirin da takwas, a iya cire mata katako."

Dariyar da ta tashi har masu dafa shinkafa sai da suka waiwayo. Mutanen da suka yi wata huɗu suna haɗiyar zagi suka riƙe ciki.

"A kawo masa guduma da kurfi!"

"Wallahi ita kaɗai ce bai yi wa ƙwauron siminti ba a ginin nan!"

"A bar ta, a sa ta a harsashin gini, za ta riƙe bene uku!"

Zarwali bai yi dariya ba. Ya miƙa hannu ya karɓe bindigar daga hannun Shamroz kamar mai karɓe wuƙa daga hannun mahaukaci, ya miƙa wa Kaka Momin.

"Riƙe wannan, Kaka. Shaida ce." Ya juya ga ma'aikata. "To, ina rodin?"

Ɗaya daga cikin ukun nan, wani ƙaƙƙarfa mai suna Sherin, ya ɗago kai. "Yana cikin gonar rake, Ustad, bayan bangon can. An rufe da ganye. Mota za ta zo ɗauka bayan azahar. Mu ya sa, da bindigar nan ya nuna mu."

"Ku da kuka kai, ku kuka san hanya. Ku tafi da mutum goma."

Kaka Momin ya jefar da sanda ya rungume Zarwali. Da ya matse shi, sai ya tsaya. Haƙarƙarinsa ya ji abu mai tauri a ƙarƙashin falmaran. Ya ɗan ja baya ya dubi idon maginin.

"Ashe kai ma," in ji shi ƙasa-ƙasa. "Me ya hana ka?"

"Ba don irinsa na ɗauke ta ba, Kaka. Ka bar maganar a nan."

Dattijon ya gyaɗa kai, ya gyara masa wuyan falmaran ɗin da hannunsa.

Aka fito da rodi daga rake, mutum bibbiyu a kan kowane dami, suna tafe suna yi wa Shamroz waƙa. Ya nemi ya sulale wajen babur ɗinsa, Sherin ya zare makullin ya jefa a aljihu, ya nuna masa buhun siminti ya ce ya zauna. Ya zauna.

Zarwali ya hau sama da duk wanda ya iya murɗa waya. Ɗaya bayan ɗaya suka mayar da kowane ƙarfe gurbinsa, shi kuma yana bi yana gwadawa da taƙi, yana taka kowace kusurwa. Rana ta take, gumi ya jiƙa shi har ƙugu, kuben na cizon hammatarsa, bai damu ba. Wajen sha ɗaya ya miƙe ya taka saƙar daga bango zuwa bango. Ba ta lotsa ba.

"Bakht Zada! Je ka yi bikon!"

Injin ya yi tari ya tashi. Kwanoni suka fara hawa daga hannu zuwa hannu, ana kabbara. Rufi in an fara zuba shi ba a tsayawa, don haka ba wanda ya zauna sai bayan la'asar, salla ma kashi-kashi aka yi ta. Da kwano na ƙarshe ya juye, Zarwali ya shafe wurin da cokalinsa, ya sauko ya wanke hannu. Shinkafar ta huce, naman ya narke. Kaka Momin da kansa ya riƙa zagayawa yana ƙara wa mutane, ya ɗauki hoton rufin a waya ya aika wa ɗansa. Ba wanda ya miƙa wa Shamroz ko loma.

Ɗan kwangila ya iso kafin magariba, ya ji abin da ya faru daga baki arba'in, ya rantse bai sani ba. Wataƙila gaskiya ya faɗa. Kaka Momin bai kai magana wajen 'yan sanda ba, dattawan unguwa ya tara, suka zauna jirga, wato shari'ar dattawa, bayan sallar Juma'a.

Suka sami Shamroz da laifi biyu: satar ƙarfen rufi, da zare makami a kan dattijon magini a bakin aikinsa. Aka fasa bindigar da guduma a gabansa. Surukinsa ɗan kwangila ya kore shi daga aiki. Aka sa ya ja raguna biyu a ƙasa, kai ba hula, tun daga masallaci har ƙofar Ustad Zarwali, ya roƙi gafara a gaban jama'a. Daga ranar, babu ginin da ya sake ɗaukar sa tsakanin Mardan da Swabi, ko a matsayin mai gadi.