Mai Taurarin Ƙofar Marusa

Shekara bakwai Malam Dabo, malamin kimiyya a wata sakandare, ya kwashe yana rubuta labarin wasu Katsinawa da suka hau kumbo suka bar duniya, suna neman mazauni a tsakanin taurari. Ya buga shi a shekarar da soja suka koma bariki. Burinsa bai taka kara ya karya ba: mutum ɗaya ya karanta har ƙarshe, ya zo su yi gardama.

Wata biyar ko ƙuda bai sauka kan littafin ba a shagon Babaji mai hayar littattafai a Ƙofar Marusa. A can kuwa baki ke tallar littafi, wance ta gaya wa wance.

Kwatsam rannan Babaji ya tare shi. "Malam, littahinka ya karɓu! Har daga Gobarau ake aikowa."

Bawan Allah, har da ƙwallar murna. Ranar Asabar ya saka babbar riga ya zauna a shagon, yana jiran masu karatunsa.

Wata dattijuwa, Hajiya Hajo, ta iso riƙe da littafin. Bayan doguwar gaisuwa ta rage murya. "Maƙwabciyata ta ce duk Katsina ba mai ilimin taurari kamarka. Ɗana Yahaya na jiran muƙami a sabuwar gwamnati. A duba mani tauraronshi."

"Hajiya, ni ba ɗan duba ba ne. Labari ne fa. Kin karanta?"

"Wa ke karanta shi? Buɗewa ake da bisimilla, inda yatsa ya sauka nan ne amsa. Ni na samu 'iska ta ƙare masu.' Hankalina ya tashi."

Ya san jimlar. Mako uku ya yi yana gyara babin, inda matuƙiyar kumbon ta bar wa yara iskarta ta mutu. Ya fara ba ta labarin.

"Malam, ba tatsuniya na zo ji ba. Za a ba shi ko ba za a ba shi ba?"

Ya dubi Babaji, Babaji ya shiga kakkaɓe kantar shagonsa. Ashe shi ma ko shafin farko bai wuce ba. Baƙin ciki ya kama Malam Dabo, irin wanda ba a kai wa kowa ƙara. Wasu mata biyu sun riga sun tsaya a bakin ƙofa, kowacce da nata kwafin.

"Za a ba shi, Hajiya," in ji shi.