Zomayen Baffa Bakoji

Tun da ɓarayi suka kore wa Baffa Bakoji shanunsa arba'in zuwa cikin dajin Kamuku, ya bar Gayam ya dawo gari kusa da gidana, bai ƙara zama mutum ba. Kullum yana gindin mangwaro, ba ci ba magana. 'Yarsa Nafisat ta same ni tana hawaye.

"Maman Sarah, mutuwa zai yi ina kallo."

Ni kuwa a lokacin haushin zomayena ke cina. Na sayo fararen nan manya, irin na Turawa, na haɗa su da namu na gida, ƙanana masu jure zafi. Haihuwar fari, sai wanda ya gani: wata uku sun cika hannu, cinya kamar ta zakara. Daga nan abu ya lalace. Kowace haihuwa sai ƙanƙancewa, ci kamar gara, ka feɗe ka tarar da gashi da ƙashi.

Na cusa uku a kwando, na je na dire a gabansa.

"Baffa, an ce kun san dabba. Ni ban yarda ba."

Ya ɗago kai da ƙyar. "Ɓeraye kika kawo mini?"

Raina ya ɓaci, amma na haɗiye, don dai ya yi magana. Can ya miƙa hannu ya kama ɗaya, ya shafa gadon bayanta, ya matsa cinyar.

"Wa ya haifi wannan?"

Na faɗa masa.

"Uban fa, wa ya haife shi?"

Na sake faɗa.

"Wa da ƙanwa kike haɗawa, 'yar nan? Shekara nawa?"

Kunya ta kama ni, ni da nake koyarwa a firamare. Ya ce ko bijimin da ya fi so ba ya bari ya hau 'ya'yansa. Musanya yake yi da wata ruga. Barbarar yanyawa ƙarfinta a haihuwar fari yake, in ba a kawo baƙon jini ba, baya take komawa.

Washegari ya sa Nafisat ta dama masa fura, ya hau acaɓa har Tsohon Birnin Gwari, ya dawo da farin namiji a kwali. Ya zaɓi matan da kansa, masu faɗin ƙugu da yawan nono. Ya hana ni taɓa komai. Kullum faɗa: ganyen dankalin ya jiƙe, kejin na cikin rana. Na sha zagi a gidana, kuma wallahi daɗi nake ji.

Bayan wata biyar muka ɗora ɗaya a sikeli, kilo biyu da rabi. Mai suyan bakin tasha ya ce zai ɗauki shida, amma yankan Musulmi yake so, ni kuwa Kirista ce. Na wasa wuƙa na miƙa wa Baffa.

Ya karɓa, ya tsuguna, ya riƙe wata mai baƙin kunne. Ya daɗe a haka. Sai ya ajiye wuƙar a ƙasa.

"Ki nemi wani, Maman Sarah," ya ce. "Na san uwarta, na san kakarta. Bari in je yankan ciyawa kafin ku gama."